Hammajoda Mai Katifa da Ɗansa na Fari

Duk wanda ya taɓa kwana a kan katifar auduga a unguwar Fulɓere ta Garwa, da wuya in ba hannun Hammajoda ne ya ɗinka ta ba. Rumfarsa tana bayan kasuwa, ta kwano ce, ƙofarta ba ta rufuwa sai an tokare ta da dutse. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shige ta, yau ga shi ya ba hamsin baya, bai canza wuri ba. Katifar soso ta zo ta kwashe masu saye, to amma akwai tsofaffin da bayansu bai yarda da soso ba har gobe. Su ne ke aiko masa da tasu in ta kwanta, ya farke ta, ya zazzage audugar, ya shiɓe ta har ta tashi, ya ƙara sabuwa, ya mayar ya ɗinke da basilla. Dogo ne siriri, da ɗan tarin da auduga ta bar masa gado. Magana kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ciro ta daga bakinsa.

Mutum ɗaya ne ke iya ciro ta ba wahala, wato Fantami, Babarbaren da ke gyaran rediyo da talabijin a shagon da ke jingine da rumfar. Sun fi shekara talatin suna zagin juna, ba a taɓa jin kansu ba.

"Kai Bafillace!" haka Fantami ke buɗe shago kullum. "Saniyar wa aka kora jiya?"

"Ta gidanku, bawa. Za ka zo ka gai da ubangidanka ko sai na aiko a kamo ka?"

A gida ma Hammajoda ba mai zafi ba ne. Autarsa Dudu hawa wuyansa take yi, ta cire masa hula, ta lalube aljihunsa, shi kuwa sai dariya. Na tsakiya suna sa hannu a kwanonsa. Mutum ɗaya ne ba ya cikin wannan shagali, Ya'uba, ɗan fari. Mu nan ba a tambayar dalili. Ɗan fari kunya ne: ba ka kiran sunansa, ba ka zaunar da shi kusa da kai, ba ka bari a ga idonka a kansa. Wanda ya yi haka za a ce ba shi da ta ido, kuma gara a kira Bafillace ɓarawo da a ce masa haka. Tun da yaron ya tasa aka ba shi ɗakin da ke bakin zaure, sai sunansa a bakin iyayensa ya koma "na ƙofa". A kai wa na ƙofa tuwo. A ce wa na ƙofa ya ɗebo ruwa.

Kar kuma wani ya ce ƙiyayya ce, don wallahi ba ita ba ce. Ranar da ƙyanda ta kwantar da yaron yana ƙarami, Hammajoda wuni ya yi tsugune a bayan ɗakin, bai ci ba bai sha ba, yana jin kowane nishi ta bango. Amma bai shiga ba. Da maƙwabta suka tambaye shi ya mai jiki, cewa ya yi, "Sun ce da sauƙi."

To, Ya'uba ya kai sha tara, ya zauna jarrabawa ya faɗi, ya sake zama ya sake faɗuwa. Daga nan ya shige ɗakinsa ya saki labule. Abokansa duk sun wuce, wasu Ngaundere, wasu Marwa. Shi kuwa yana nan da waya a kunne, ba ya fita sai sallah, ba a jin motsinsa sai in kwano ya yi ƙara.

Ran nan bayan magariba Astajam, matar Hammajoda, ta ajiye masa tuwo da miyar yakuwa, maimakon ta koma madafa sai ta zauna a bakin tabarma.

"Baban Dudu, na ƙofa fa zai tafi."

"Ina?"

"Duwala. Wai wani abokinsa ya samo masa babur na haya. Jibi da safe."

"Shi ya gaya miki?"

"Ni? Dudu ya gaya wa, Dudu ta gaya mini, ni kuma ga shi na gaya maka. A gidan nan ai haka magana take tafiya."

Hammajoda ya yanki loma ya riƙe. "Namiji ne. Kowa fita yake yi nema."

"Ba nema zai je ba. Na leƙa ɗakin da ya tafi masallaci. Har hoton makarantarsu ya sauke daga bango, ya zare ƙusar. Mai niyyar dawowa ba ya zare ƙusa. In yaron nan ya fita a haka, ba za mu ƙara ganinsa ba, sai dai mu riƙa jin labari a bakin direbobi. Ka yi masa magana."

"In ce masa me?"

"Oho. Ko zaginsa ne ka yi, ya dai san ka san yana gidan."

"Ke me ya hana ki?"

"Ni na haife shi, kunyata ta fi taka. Amma ni ko banza ina ɓoye masa man shanu a ƙarƙashin tuwo, ya kuma san hannun da ya sa. Kai me ka taɓa ɓoye masa?"

Ta ɗauki buta ta tashi, ta bar shi da tuwon da ya huce.

Washegari da hantsi yana rumfa yana ɗinke bakin wata katifa, sai ya ji Fantami ya yi kabbara a shago kamar wanda aka yi wa albishir. Wata tsohuwa ce ta aiko masa da na'urar bidiyo irin ta da, kaset ya maƙale a cikinta tun mijinta na da rai, ta ce ko a ciro ko a jefar. Fantami ya kwana biyu yana fama da ita, yau ta yarda. Sai ga wani sauti ya ratso kwanon rumfar, busar sarewa ce siririya tana rawa saboda tsufan kaset. Basilla ta tsaya a hannun Hammajoda. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

Fim ɗin Indiya ne, tsohon gaske, launinsa ya koɗe, wasu layuka na ta hawa da sauka a fuskar talabijin. Daga tsakiya ya kama. Wani saurayi ne zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, ga faranti an ajiye masa bai taɓa ba. Sai ubansa ya shigo, wani mai tumbi da gashin baki, ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya dunƙula shinkafa da hannunsa ya kai masa baki. Saurayin ya kau da kai. Uban ya jawo kan nan ya ɗora a ƙirjinsa, yana shafawa, yana kiran sunansa, yana sake kira.

Fantami ya buga cinya. "Kai jama'a! Dubi gardi da gemunsa ana ba shi a baki! Bafillace, zo ka ga abin da in aka yi a rugarku sai an yi kwana bakwai ana suma."

Hammajoda na tsaye a bakin ƙofa. Ya san wurin nan. Ya san bayan wannan uban zai share wa yaron baki da gefen mayafinsa, sai kuwa ga shi ya share. Shekara arba'in bai tuna da fim ɗin nan ba ko sau ɗaya, ashe yana nan kwance a cikinsa ba abin da ya goge.

A wata ruga ta bakin kogin Faro aka haife shi, shi ma ɗan fari. Abin da ya fi tunawa da mahaifinsa shi ne muryarsa da sassafe a cikin garke. Mutumin yana kiran kowace saniya da sunanta, Wule, Saige, Nyawe, da wata irin murya mai laushi, saniyar ta ɗago ta taho ta sa masa hanci a tafin hannu. Hammajoda na gefe riƙe da ƙwaryar tatsa yana saurare. Shi in ana nemansa, ƙanensa ake ce wa, "Ce wa wancan ya zo." A lokacin bai ɗauke shi komai ba, don ga shanu, ga ƙanne, ga kaka da ke kiransa ta cika masa ciki.

Shekarar da cutar bushiya ta faɗa wa shanu, garken ya ƙare a wata guda, saura 'yan ƙwarori. Sai aka ɗora Hammajoda a mota aka aika wa Kawu Bobbo, wan mahaifiyarsa, mai wannan rumfa ta katifa. Kawu ba mugu ba ne, Allah ya ji ƙansa. Bai taɓa dukansa ba, bai taɓa barinsa da yunwa ba. Mutum ne dai mai hidima da yawa, in ya nuna maka aiki sau ɗaya ya gama magana da kai. 'Ya'yansa 'yan makaranta ne, in sun haɗu sai su juya harshe zuwa Faransanci, su yi ta dariyar abin da shi bai sani ba. Kwana kuwa a rumfa yake yi, kan buhunan auduga, wai yana gadi.

Da farko ya gwada shiga cikin samarin unguwa. Yana buɗe baki suka fashe da dariya, wai Fillancinsa na warin daji. Ga auduga da ke maƙale masa a gashi da gira, kome wankin da ya yi sai ta bar saura. Nan take suka raɗa masa Furfura. "Tsoho Furfura, ina jikokinka?" In sun tafi ƙwallo ko wanka a kogin Binuwai, ta gaban rumfar suke bi, ba wanda ya taɓa cewa taso mu je. Sai ya daina gwadawa. Yakan wuni bai ce komai ba sai "to". In ya ji bakinsa zai manta magana, sai ya riƙa kiran sunayen shanunsu da suka mutu, a hankali, yana bugun auduga. Kewa ta ci yaron nan ƙwarai, kuma ba shi da wanda zai gaya wa, don ko sunan abin bai sani ba.

Akwai silima a lokacin, can gefen kasuwa, marar rufi, inda yanzu ake ajiye buhunan siminti. Mai tsaron ƙofarta ya taɓa kawo matashin kansa Hammajoda ya cika masa kyauta, shi ke nan in an kashe fitila aka fara, sai ya ɗaga masa gira ya sulale ya zauna a bencin gaba, inda sai ka ɗaga wuya kake gani. Ba ya jin Indiyanci ko kalma. Abin da ke kai shi shi ne, nan ne kaɗai wurin da zai zauna kafaɗa da kafaɗa da mutane, a cikin duhu, ba wanda ya ga audugar kansa.

Ya shekara biyu a Garwa sai Kawu ya ce masa, "Gobe mahaifinka zai kawo wani sa kara, kasuwar shanu. Ka shirya mu je." Ranar ya wanke kansa da sabulun wanki har fatar ta yi zafi. Ya tanadi labarai a ransa: ya iya shiɓa, ya iya ɗinkin baki, ya ɗinka katifa guda shi kaɗai an kai gidan wani babban ma'aikaci. Ya san ba zai faɗa ba, amma ya tanada ko da za a tambaya.

Suka sami mahaifin a kara tsaye kusa da san, mutumin ya rame, ya yi baƙi. Hammajoda ya cire takalmi ya tsuguna daga nesa ya yi gaisuwa. Uban ya amsa yana duban ƙahon san. Sannan ya juya ga Kawu.

"Yana jin magana?"

"Yana ji."

"To madalla."

Shi ke nan. Suka shiga zancen farashi da na ruwan sama da na waɗanda suka mutu. Yaron ya wuni a tsugune a inuwar wata mota yana kallon bayan mahaifinsa. Da la'asar, da zai hau motar komawa, uban ya ciro wani ƙunshi daga jakarsa ya miƙa wa Kawu, ya ce, "A ba wani." Takalmin roba ne sabo. Ya yi masa kaɗan, don awon ƙafar da uban ya sani ta yaron da ya bar ruga ce. Haka ya cusa ƙafa ya yi ta yawo da shi har ya yi masa kanta.

A yammacin ranar ne ya shiga silima ya tarar da wannan fim. Da aka zo wurin ba da shinkafar, gidan ya ɗauki fito da ihu. Wani na cewa, "A kawo masa nono ma!" Wani na cewa, "Tir, ba kunya!" Kowa na dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa Hammajoda ya cusa bakin rigarsa a baki ya ciza, yana kuka kamar ransa zai fita, yana tsoron kar na kusa da shi ya ji. Ya koma washegari, ya kuma komawa, bai fasa ba har aka sauke fim ɗin aka sa na kaboyi. Har sunan da uban nan ke kira ya haddace, yakan faɗa wa kansa a rumfa.

Damina biyu bayan haka mahaifinsa ya rasu. Kafin labari ya iso Garwa an riga an binne. Ya je ya yi gaisuwa, ya kwana uku, ya dawo rumfa. Bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakin mutumin ba, kuma tun daga nan ƙafarsa ba ta ƙara ɗaukarsa zuwa Faro ba sai in mutuwa aka yi.

"Kai, lafiya?" Muryar Fantami ce ta dawo da shi. "Auduga ce ta faɗa maka a ido?"

"Auduga ce."

Fantami ya dube shi, ya dubi talabijin, sai ya rage sauti. Ya jawo benci da ƙafa ya tura masa.

"Mayar da shi baya kaɗan," in ji Hammajoda.

"In ta cinye kaset ɗin kai za ka je ka yi wa tsohuwa bayani." Ya dai mayar. Suka sake kallo, wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Can Fantami ya ce, yana goge wani ƙarfe da bai buƙaci gogewa ba, "Na ji yaron gidanku gobe ne."

"Wa ya gaya maka?"

"Shi. Ai yakan zo nan."

Hammajoda ya juyo. "Nan?"

"Kan bencin da kake zaune. In ka tafi kai katifa, ko ka tafi masallacin Juma'a da wuri. Ya fi shekara yana zuwa. Ya zauna ya yi ta kallon rumfarka ta wannan hudar kwanon, in ya hango ka tafe ya bi ta baya."

"Me yake cewa?"

"Me zai ce? Ba ɗanka ba ne? Rannan dai ya tambaye ni wai kana hira kuwa in kana nan. Na ce ƙwarai, zagina kake yi tun safe har yamma. Sai ya ce shi bai san kana da ban dariya ba." Fantami ya ajiye ƙarfen. "Ku Fulani, da kunya abinci ce da kun fi kowa ƙiba."

Ranar Hammajoda bai rama ba. Ya koma rumfa ya zauna gaban katifar da ya bari a buɗe, har aka kira azahar bai ƙara ɗinki ɗaya ba. Abin da ke cin ransa shi ne, shi fa ya san wannan zaman. Ya san yadda mutum ke zama a gefe yana kallon bayan ubansa. Shi an kai shi garin wasu ne ya yi nasa. Nasa ɗan kuwa a cikin gidan ubansa yake yi, taku kaɗan daga inda ake dariya da Dudu.

Da ya koma gida da yamma ya tsaya a zaure. Labulen ɗakin a sake, ga takalman yaron a bakin ƙofa. Ya tsaya yana kallonsu. Sun fi nasa girma, bai san yaushe hakan ta faru ba. Ya yi gyaran murya. Motsin da ake yi a ciki ya tsaya cak. Yana jin yaron na saurare, yaron ma ya san ko wane ne a waje. Ya buɗe baki zai yi magana. Sai wani maƙwabci ya yi sallama daga waje yana neman aron tsani, Hammajoda ya amsa da sauri har da murnar samun mafita. Da ya shiga cikin gida Astajam ta dube shi, ya kau da kai, ta gane.

Da safe bayan an dawo masallaci yana zaune a tabarma da carbi, sai Ya'uba ya shigo da jaka a kafaɗa. Ya ajiye ta, ya tsuguna can nesa kusa da randa.

"Baba, zan tafi."

"To. Allah ya tsare hanya."

"Amin."

Yaron ya ɗan jira. Carbi na ta tafiya. Sai ya tashi ya je bakin madafa ya ce, "Dada, na tafi." Astajam ta ce, "Allah ya yi albarka," tana ta hura wutar da ta riga ta kama. Dudu ce kaɗai ta yi abin da kowa ke son yi, ta rungume ƙafarsa tana ihu, sai da aka ɓamɓare ta.

Hammajoda ya tafi rumfa kamar kullum. Ya kawar da dutse, ya buɗe ƙofa, ya zauna. Yau ba a tambaye shi saniyar wa aka kora ba. Shirun ya yi yawa har ya dame shi. Can Fantami ya leƙo, bai ko dube shi ba, ya jingine kekensa a bakin rumfar.

"Masu zuwa Duwala motar Ngaundere suke bi, ita kuwa sai ta cika take tashi," ya ce, ya koma shagonsa.

Rabon Hammajoda da hawa keke tun kafin a haifi Dudu. Ya tattare riga ya hau, yana tangaɗi, yana tari, 'yan babur na zaginsa. Bai shirya abin da zai faɗa ba. Ya san dai in ya tsaya shiryawa ba zai je ba.

Tashar ta cika maƙil. Masu kunu da fanke, masu buhunan albasa, mata da kaji a kwando, yaran mota a kan rufi suna ɗaure kaya. Babbar motar ta riga ta tayar da inji, ana kiran fasinja suna hawa. Ya hango Ya'uba can gaba a cikin layi, ya ba da baya, saura mutum biyu ya sa ƙafa a matakala. Tsakaninsu jama'a ce da kaya, ga keke a hannu, ba hanyar kutsawa.

Ya ce, "Kai!" Mutum goma suka waiwayo, ban da wanda ake nufi. Na ƙofa kuwa ba suna ba ne a tasha. Ba abin da ya rage sai abu ɗaya. Ya buɗe baki, na farko tari ne ya fito. Ya haɗiye, ya rufe ido.

"Ya'uba!"

Yaron ya waiwayo yana neman mai kiran a cikin abokai ko 'yan unguwa. Da idonsa ya faɗa kan ubansa, da keke, da auduga a gira, sai jakar hannunsa ta suɓuce. Ya ture mutane ya taho a guje, fuskarsa ta yi fari fat.

"Baba! Wa ya rasu? Dada ce? Dudu?"

"Ba kowa."

"Don Allah ka gaya mini, zan iya ɗauka."

"Na ce maka kowa lafiya."

Yaron ya tsaya yana haki. Ya dubi ubansa, abin da bai saba yi ba, sannan ya sunkuyar da kai, muryarsa ta yi ƙasa.

"To me na yi?"

Wannan tambaya ta fi komai yi wa Hammajoda ciwo. Ga wani dattijo ɗan unguwarsu da ya rako 'yarsa, yana tsaye ya saki baki yana kallonsu, gobe duk Fulɓere za ta ji. Gumi ya karyo masa. Ya kafa ido a tayar mota.

"Ba ka yi komai ba," ya ce. "In ka sauka ka kira."

"Zan kira Dada in sha Allahu."

"Ni. Ni za ka kira."

Ya'uba ya sa hannu a aljihu. Ya ciro wayarsa ya riƙe, yana jujjuya ta a hannu kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa.

"Ba ni da lambarka, Baba."

Yaron mota ya buga jikin ƙarfe yana ihu, "Mai jakar nan, za ka ko mun bar ka?" Hammajoda ya shiga karanto lambar da ƙarfi saboda ƙarar inji, yaron na dannawa. Wani ya miƙo masa jakarsa, wani ya tura shi ciki, aka ja ƙofa.

Sai waya ta yi ƙara a aljihun Hammajoda. Yaran yanzu haka suke yi, su kira ka sau ɗaya su kashe don lambarsu ta fito maka. Shi bai san wannan ba. Shi dai ya san in waya ta yi ƙara ɗauka ake yi. Ya ɗauka ya kara a kunne.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Baba."

Motar ta ja da baya, ta karya kai, ta fita ƙofar tasha. Ta taga ya hango ƙeyar yaron da waya a kunne, sannan wata motar ta shiga tsakani. Bai sauke tasa ba. Yana jin kukan inji a ciki, da kukan kaza, da wata mata tana faɗa a kan wurin zama. Masu kaya na ce masa, "Baba, matsa mana," yana matsawa da keken ba tare da ya san ya matsa ba. Can sai ƙarar ta canza, ta koma wani gurnani mai zurfi.

"Baba, mun hau gada."

"To." Ya nemi abin da zai ƙara. "Ruwan ya cika?"

"Ya cika, Baba."

Daga nan bai san me zai ce ba, yaron ma haka. Amma ba wanda ya kashe. Yana nan tsaye a tsakiyar tasha, hannu ɗaya a kan keken Fantami, yana jin numfashin ɗansa, har katin yaron ya ƙare.